Iyakar Gona da Hanyar Girbi: Yadda Za Mu Tattara Koyarwar Littafi Mai Tsarki

Karatu: Luka 24:13-35, 44-47, Matta 19:3-9.
Aya ta haddacewa: 2 Timothawus 2:15.

Akwai wata magana wadda mu ke yawan ji a bakin masu bi, mu ma mu kan faɗe ta, watau, "Littafi ya ce." Magana ce mai nauyi ƙwarai, gama duk wanda ya faɗe ta ya kira Allah ya zama mashaidinsa ke nan. Amma sau nawa muka ga dattawa biyu a wurin shawara, kowa da Littafinsa a buɗe bisa gwiwarsa, wannan yana cewa Littafi ya ce, wancan kuma yana cewa Littafi ya ce, har rana ta faɗi ba su daidaita ba?

Bari mu ɗauki misali wanda ekklesiyoyinmu suka sani sarai. Wani mutum mai mata uku ya ji bishara, ya ba da gaskiya, ya zo yana neman baftisma. Dattijo na fari ya ce, ai Ibrahim da Yaƙub da Dauda duk sun tara mata, Allah kuwa bai yashe su ba. Na biyu ya buɗe Farawa 2 da 1 Timothawus 3, ya ce mace ɗaya ce, sai mutumin ya sallami biyu tukuna. Shi kuwa yana zaune a gindin itace a waje, da matansa da 'ya'yansa, suna jiran abin da za a yanke. Babu wanda ya yi ƙarya cikin dattawan nan. Abin da kowa ya karanta yana nan a rubuce. Abin da ya raba su tambayoyi biyu ne waɗanda ba su tsaya sun yi ba: ina iyakar abin da za mu karanta, da wace hanya kuma za mu haɗa abin da muka karanta? A kan waɗannan biyu darasinmu ya tsaya.

1. Girbi da girki

Allah bai ba mu Maganarsa kamar littafin tambaya da amsa ba, inda za a sami babi ɗaya a kan zunubi, ɗaya a kan aure, ɗaya a kan mutuwa. Ya ba mu littattafai masu yawa, waɗanda aka rubuta cikin shekaru fiye da 1,000, da Ibrananci, da Helenanci, da kaɗan kuma da Aramiyanci. Cikin marubutan akwai sarki, akwai makiyayi kamar Amos, akwai masunci kamar Bitrus, akwai likita kamar Luka. Cikin rubutun kuma akwai shari'a, da labari, da waƙa, da karin magana, da annabci, da wasiƙu. Saboda haka wanda ya ke so ya faɗi abin da Littafi duka ya koyar a kan wani al'amari, lalle sai ya shiga gonar ya tattara. Wannan tattarawa ita ce malamai su ke kira tauhidin Littafi Mai Tsarki.

A shekara ta 1787 wani malami na ƙasar Jamus, Johann Gabler, ya yi jawabi a jami'ar Altdorf, inda ya rarrabe ayyuka biyu waɗanda mutane suka saba gaurayawa. Aiki na fari shi ne a saurari kowane marubuci a zamaninsa: me Musa ya faɗa wa Isra'ila, me Ishaya ya faɗa wa Yahuda, me Bulus ya faɗa wa Korinthiyawa. Na biyu shi ne ekklesiya ta ɗauki abin da aka ji, ta shirya shi ya zama koyarwa da ka'ida domin mutanen zamaninta. Mu ce na fari girbi ne, na biyu girki. Hatsin ɗaya ne, amma kowane gida da irin tukunyarsa.

Hatsari yana gefe biyu. Akwai mai ɗora tukunya tun bai shiga gona ba, watau ya riga ya yanke abin da ya ke so, sa'an nan ya je neman ayar da za ta goyi bayansa. Akwai kuma mai girbi ya zuba a rumbu ya rufe, 'ya'ya suna kwana da yunwa. Waɗansu malamai da suka zo bayan Gabler haka suka yi, suka mai da Littafi labarin addinin mutanen dā kaɗai, wanda ba shi da umurni a kan mai karatu. Har wa yau masana ba su gama jayayya ba a kan ko wannan aiki na mai binciken tarihi ne ko na mai bangaskiya. Mu dai mun gane ba za a raba su ba: mu yi girbi da gaskiya kamar masu bincike, mu yi shi kuma a durƙushe, gama Mai gonar yana raye.

2. Ina iyakar gonar?

Manomi ba ya sa lauje sai ya san inda gonarsa ta tsaya. A nan akwai wahala iri uku.

Ta fari ita ce Tsohon Alkawari. Wajen shekara ta 144 ekklesiyar birnin Roma ta fitar da wani mutum mai suna Markiyon, domin ya koyar cewa Allahn da ya ba Musa shari'a daban ya ke da Uban Yesu Kristi. Ya yar da Tsohon Alkawari duka, ya riƙe Bishara ta Luka bayan ya datse ta, da wasiƙu 10 na Bulus. Markiyon ya mutu tun da daɗewa, amma ra'ayinsa ya kan tsiro a tsakaninmu duk sa'ad da wani ya ce, ai wannan na Yahudawa ne, ba ruwanmu. Mu tuna fa, littattafan da Timothawus ya sani tun yana yaro, waɗanda Bulus ya ce suna da iko su kai shi ga ceto, su ne na Tsohon Alkawari. Da su manzanni suka yi wa'azi kafin a rubuta Bishara ko ɗaya.

Ta biyu ita ce yawan littattafan. A kan Sabon Alkawari kusan dukan ekklesiyoyi sun daidaita: littattafai 27 ne, waɗanda Atanasiyus, bishop na Iskandariya ta Masar, ya jera cikin wasiƙarsa ta Idin Tashin Kristi a shekara ta 367. Amma a kan Tsohon Alkawari an rabu. Mu muna ƙirga 39, jimla 66. 'Yan'uwanmu Katolika suna ƙirga 46, jimla 73, gama sun karɓi waɗansu littattafai 7 da ke cikin tsohuwar fassarar Helenanci, waɗanda ba su cikin Littafin Ibrananci na Yahudawa. Ekklesiyar Habasha ma ta fi haka, har da littafin Anuhu. Martin Luther, cikin fassararsa ta 1534, ya ware littattafan nan ya sa su tsakanin Alkawari biyu, ya ce suna da amfanin karantawa amma ba a daidaita su da Nassi ba. A cikin wannan jagora 66 ɗin mu ke bi. Amma sanin bambancin zai rage mana gardamar banza. In muna zance da Bakatolike a kan yi wa matattu addu'a, shi yana da wurin da ya dogara gare shi cikin littafin Makabiyawa na biyu, wanda ba ya cikin namu. Ashe jayayyar ta iyaka ce tun kafin ta zama ta fassara.

Ta uku ta fi kusa da mu, ita ce iyakar da kowa ya kan yanka wa kansa. Wani ba ya fita daga Zabura da Bishara ta Yohanna. Wani kullum yana cikin Daniyel da Ru'ya ta Yohanna. Wani mai wa'azi ya shekara goma bai taɓa buɗe Mai-Wa'azi ko Littafin Firistoci a gaban jama'a ba. Har Luther, da dukan girmansa, a shekara ta 1522 ya kwatanta wasiƙar Yaƙub da tattaka in an gwada ta da wasiƙun Bulus. Iyayenmu cikin bangaskiya sun daɗe suna jira kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a shekara ta 1932. Abin kunya ne a ba mu gona duka, mu riƙa noman kusurwa ɗaya.

3. Da wace igiya za a ɗaure damin?

Bayan an yanke zangarniya sai a ɗaure dami, in ba haka ba ba a iya ɗauka. Haka malamai suka nemi magana guda wadda za ta ɗaure Littafi duka. A shekara ta 1933 Walther Eichrodt, malami a birnin Basel, ya ce igiyar Tsohon Alkawari ita ce alkawarin da Allah ya yi da jama'arsa. A shekara ta 1957 Gerhard von Rad na Heidelberg ya ce babu igiya guda irin wannan. Abin da ke akwai shi ne Isra'ila tana ba da labarin manyan ayyukan Allah, kowane zamani yana sake faɗinsa. Waɗansu suka ce mulkin Allah ne, waɗansu suka ce wa'adi da cikarsa.

Kowace igiya cikin waɗannan ta ɗaure abu mai yawa, amma kowace kuma ta bar zangarniya a ƙasa. Littafin Misalai bai ba da labarin fitowa daga Masar ba. Ayuba mutumin ƙasar Uz ne, littafinsa bai yi zancen alkawarin Sina'i ba. Cikin littafin Esta ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba. Me za mu yi da su? Jarrabar mai ɗaure dami ita ce ya take abin da igiyarsa ba ta kai ba, ya wuce.

Kada mu ce wannan gardamar malamai ce kaɗai, gama tana shiga har ɗakin marar lafiya. Misalai yana koya mana cewa mai ƙwazo ya kan ƙoshi, mai adalci ya kan sami albarka. Gaskiya ne, haka al'amura su kan tafi. Amma wanda ya mai da wannan igiyarsa ita kaɗai, ran da ya je gaida gwauruwa ko mai ciwon da ya ƙi warkewa, zai ce a ransa lalle akwai zunubin da aka ɓoye. Daidai abin da abokan Ayuba uku suka faɗa ke nan, a sura ta 42 kuwa Allah ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Allah da ya ba mu Misalai shi ne ya ajiye Ayuba da Mai-Wa'azi kusa da shi, domin kowane ya tsare mu daga wuce gona da iri da ɗan'uwansa.

4. Muryoyi biyu a kan aya ɗaya

Ga misali wanda zai nuna mana yadda a ke sauraron marubuta biyu ba tare da an toshe bakin ɗaya ba. Farawa 15:6 ta ce Ibrahim ya gaskata Allah, aka kuwa lasafta masa wannan a kan adalci. Bulus ya ɗauki ayar cikin Romawa 4 ya nuna cewa ta wurin bangaskiya a ke barata mutum, ban da ayyuka. Yaƙub ya ɗauki ayar nan kanta cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa ya nuna cewa bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce. Mai gaggawa zai ce sun saɓa, ko kuwa ya zaɓi wanda ya fi so.

Mu tambaya, wa kowannensu ya ke yi wa magana, a wane wuri kuma na rayuwar Ibrahim ya tsaya? Bulus yana amsa wa masu cewa Ba'al'umme ba zai tsira ba sai an yi masa kaciya. Sai ya ƙirga kwanaki: an lasafta wa Ibrahim adalci tun kafin a haifi Isma'ilu, sa'ad da bai kai shekara 86 ba, kaciya kuwa sai da ya kai 99. Ashe Allah ya karɓe shi shekaru 13 ko fi kafin alamar ta zo. Yaƙub kuwa yana magana da masu bi waɗanda su ke ganin ɗan'uwa tsirara da yunwa, su sallame shi da fatan alheri a baki kaɗai. Sai ya kai su Farawa 22, ran da Ibrahim ya ɗora Ishaƙu bisa bagadi, ya ce a can ne bangaskiyar nan ta dā ta nuna kanta cikakkiya. Bulus yana duban saiwa, Yaƙub yana duban 'ya'yan itacen. Mai taƙama da ayyukansa yana bukatar Bulus. Mai fakewa da "na ba da gaskiya" alhali hannunsa a rufe yana bukatar Yaƙub. Yawancinmu muna bukatar su duka biyu cikin mako guda.

5. Hanyar da Ubangiji ya bi

Mu sani annabawa da manzanni ba su rubuta da surori da ayoyi ba. Rabon surori da mu ke amfani da shi, ana danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun taimake mu ƙwarai wajen neman wuri, amma sun kuma sauƙaƙa mana tsinke aya daga jikinta. Ko Shaiɗan ma a kan hasumiyar haikali da Zabura 91 ya jarrabi Ubangiji, Ubangiji kuwa ya amsa masa da Kubawar Shari'a. Riƙe aya a baki bai isa shaida ba.

Dubi yadda Yesu ya yi cikin Matta 19. Farisawa suka zo da Kubawar Shari'a 24, inda Musa ya yi zancen takardar saki. Bai ce Musa ya yi kuskure ba, bai kuwa tsaya inda suka tsaya ba. Ya koma da su Farawa 1 da 2, ga nufin Allah tun farko, sa'an nan ya ajiye maganar Musa a wurinta, ya ce saboda taurin zuciyarsu aka yardar musu. A kan hanyar Imwasu kuma ya fara daga Musa, ya bi ta annabawa duka, daga baya ya ambaci Attaura da Annabawa da Zabura, watau gonar duka, ya nuna inda ta nufa: shan wuyar Kristi, da tashinsa, da wa'azin tuba ga dukan al'ummai.

Daga nan mun sami ka'idodi biyar. Na ɗaya, mu karanta abin da ke gaba da aya da abin da ke bayanta, mu san mai magana da wanda a ke yi wa. Na biyu, mu tambaya a wane zango na tafiyar ta tsaya, gama Allah ya bayyana nufinsa sannu sannu, kamar wayewar gari. Na uku, mu rarrabe abin da aka ba da labarinsa da abin da aka umurta. Na huɗu, mu kira dukan shaidu, har da wanda maganarsa ba ta yi mana daɗi ba. Na biyar, mu kawo duka gaban Kristi, amma kada mu tilasta wa kowace aya ta faɗi abin da marubucinta bai nufa ba. Dukan wannan kuwa a cikin tarayya za mu yi shi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Biriya tare suka riƙa bincike kowace rana, baban nan na Habasha ma bai ji kunyar roƙon Filibus ya hau karusa ya bayyana masa ba.

6. Mu koma wurin dattawan nan

Yanzu mu bi hanyar a kan maganar da muka fara da ita. A Farawa 2, namiji ɗaya da mace ɗaya. Wanda aka fara ambata da mata biyu shi ne Lamek, zuriyar Kayinu. Littafi bai ɓoye cewa Ibrahim da Yaƙub da Dauda sun tara mata ba, bai kuma ɓoye hawayen Hajaratu a jeji ba, ko kishin Lai'atu da Rahila, ko kukan Hannatu saboda tsokanar kishiyarta. Kubawar Shari'a 17 ta hana sarki tara mata, Sulemanu kuwa ya tara 700 da ƙwaraƙwarai 300, suka karkatar da zuciyarsa. Amma sura ta 21 ta littafin nan ta tsare hakkin ɗan farin matar da ba a so, Malakai kuma ya tsauta wa masu cin amanar matar ƙuruciyarsu. Yesu ya mai da mu ga farko, Bulus ya ce mai kula da ekklesiya ya zama mijin mace ɗaya.

Girbin ya nuna abu biyu a fili: nufin Allah mace ɗaya ce ga namiji ɗaya, Allah kuma yana kula da matar da aka wulakanta da 'ya'yanta. Dattijo na fari ya yi kuskure da ya mai da labari izini. Na biyu ya yi kuskure da ya ɗauki ayar da ke zancen shugabanni ya yanke maganar baftisma da ita, ya manta da mata biyu da za a tura waje. Ba mu da aya wadda ta faɗa kai tsaye abin da za a yi da mutumin da ya zo da mata uku tun kafin ya ji bishara. A nan girbi ya ƙare, girki ya fara. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ta Landan, a 1888, ya ce kada a yi wa irin wannan mutum baftisma muddin yana tare da matan. Bayan shekara 100, a 1988, taron ya yarda a yi masa, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, jama'ar ekklesiyar wurin sun yarda, ba kuwa za a tilasta masa ya kori ko ɗaya ba. Littafi bai sāke ba tsakanin shekarun nan. Masu girki ne suka sake auna wutarsu.

Kowace ekklesiya tana da ka'idarta a kan wannan, wajibi ne kuwa mu girmama shugabanninmu. Amma mu san inda Maganar Allah ta tsaya da inda hukuncinmu ya fara. Inda Littafi ya faɗa sarai, mu faɗa ba tsoro. Inda mu ne muka auna, mu ce, "Ga abin da muka gane," da tawali'u, gama mutumin nan da iyalinsa har yanzu suna zaune a gindin itace, kuma domin su ma Kristi ya mutu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne littattafai ne ba a taɓa yin wa'azi daga cikinsu a majami'armu ba cikin shekarar nan? Don me?
2. Wace amsa za mu ba wanda ya ce Tsohon Alkawari ba na Kirista ba ne?
3. Karanta Misalai 10 da Ayuba 21. Yaya za mu riƙe su duka biyu sa'ad da muka je gaida marar lafiya?
4. Kawo wani labari daga Littafi wanda mutane su kan ɗauka kamar umurni.
5. Cikin ka'idodin ekklesiyarmu, waɗanne ne girbi, waɗanne ne girki?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Maganarka wadda ka ba mu cikin harshen da mu ke ji. Ka gafarta mana inda muka sa maganarmu a bakinka, da inda muka ƙi jin abin da ka faɗa. Ka buɗe hankalinmu ta wurin Ruhunka Mai Tsarki yadda Ɗanka ya buɗe na almajiransa, ka ba dattawanmu hikima da jinƙai sa'ad da su ke yanke shawara a kan rayukan mutane. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.